Kafin a kira mai tifa: yadda ake cika akwatin shuka da ƙasa mai kyau ba tare da aljihu ya ji jiki ba

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin cefane ya fara gagarar mutane, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Daga nan wani abu ya fara yawaita a tsakar gidajen Kano da Zariya da Kaduna da Katsina. A lungun da ake jingine turmi da fasassun bokitai, yanzu sai ka tarar an jera bulo sahu biyu, an yi ɗan akwati mai tsawon tabarma, an cika shi da ƙasa, ga alayyafo ga latas ga 'yan tumatir suna leƙowa. Wani da katako ya yi nasa, wani da tsohon kwanon rufi, wata kuma buhunan siminti ta jera a gindin katanga.

Ginin akwatin ba shi ne aikin ba. Magini zai gama shi kafin azahar, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wahalar tana farawa ne lokacin da mai gida ya tsaya ya leƙa cikin ramin, ya ga cewa cika shi ba aikin bokiti biyu ba ne.

Bari mu yi lissafi. Akwati mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, wato mita 1.2 da mita 2.4, idan aka ɗora bulo mai inci 9 sahu biyu, zurfinsa zai kai santimita 45. Cikinsa kenan yana ɗaukar kusan lita 1,300. Da bokitin fenti mai lita 20, sai an yi sawu 65. Idan zallar ƙasa aka zuba, nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, abin da ya kamata duk mai niyyar ɗora irin wannan akwati a saman bene ya tsaya ya yi tunani a kai. A nan ne yawanci ake cewa a kira mai tifa ya kawo baƙar ƙasa a huta. A nan ne kuma asarar take farawa.

Baƙin ƙasa ba shaida ba ne

Abin da ake kira baƙar ƙasa a bakin masu tifa ba abu ɗaya ba ne. Wani lokaci yumɓun fadama ne, wanda in ya jiƙe ya cuɗe ya hana ruwa wucewa, in ya bushe ya daskare ya tsattsage ya tsinka saiwar shuka. Wani lokaci abin da aka kwaso ne daga bolar da aka ƙone, tokar leda da roba ce ta ba shi launin. Akwai kuma taɓon da aka yashe daga kwata ko kududdufi. Wata sa'a ƙasar ramin ginshiƙin gini ce, daga can ƙasa inda babu rai a cikinta, aka ɗan barbaɗa mata baƙa a sama. Duk wannan kuma da tsada, don tun da dizal ya tashi, kuɗin ɗauko ƙasa ya fi kuɗin ƙasar kanta.

Ko ƙasar gona ta gaske aka kawo, a tuna cewa ƙasarmu ta Arewa, musamman jigawa, ba ta da yawan ruɓaɓɓen abu a cikinta. Binciken ƙasa a yankinmu ya daɗe yana nuna cewa sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda zafi yana cinye shi da sauri, ga gara, ga ƙone-ƙonen daji, ga kwashe kara da harawa daga gona ƙaf bayan girbi. Manomi a fili yana rufe wannan giɓi da faɗin gona. Mai akwati ba shi da faɗi. Tumatir shida da latas ashirin ne za su ci daga ɗan wurin nan, a shayar da su kullum, a girbe a sake shukawa sau uku a shekara. Ƙasar da za ta ɗauki wannan nauyi ba a haƙo ta a shirye. Haɗa ta ake yi.

Akwai ma tambayar da ta kamata ta zo kafin wannan: shin tudun ya zama dole? Masu lambun fadama, daga Kadawa zuwa bakin Kogin Rima, fangali suke yi, su dusar da wurin shukar ƙasa da kunya don ruwa ya kwanta ya nutse. Hikima ce ta ƙasar da ruwa ke da tsada. Akwatin da ya ɗago sama yana shan rana ta gefe huɗu, yana bushewa da wuri, a watan Afrilu sai an ba shi ruwa safe da yamma. Wanda tsakar gidansa ke da ƙasa mai kyau kuma ruwa ba ya kwanciya, ya sassaƙe ta ya zuba taki, ya adana kuɗin bulo. Akwati na wanda gidansa daɓe ne ko marmara, ko filin da aka cike da ɓaraguzan gini, ko inda ruwa ke taruwa a watan Agusta har shuka ta ruɓe. Yana kuma taimakon tsoho da mai ciwon baya, yana rage ɓarnar kaji. In dalilinka na cikin waɗannan, to a ci gaba.

Rabin ƙasa na kyauta ne

Babban abin da ke rage kuɗi shi ne sanin cewa shuka ba ta cin dukan zurfin akwatin daidai wa daida. Latas da alayyafo da albasa da lansir, yawancin saiwarsu a cikin santimita 15 zuwa 20 na sama take. Tumatir da tattasai da kuɓewa suna zurfafawa fiye da haka, amma su ma mafi yawan ƙananan jijiyoyin da ke shan abinci a sama suke. Saboda haka taƙi ɗaya na sama shi ne inda ya kamata a kashe kuɗi da ƙoƙari. Abin da ke ƙasa da shi ana iya cika shi da abubuwan da ake zubarwa ko ƙonewa kowace safiya.

Turawa suna da salonsu na wannan. A Jamus da Ostiriya akan binne gumagumai da rassan itace a rufe da ƙasa a yi shuka a kai, itacen yana ruɓewa sannu a hankali yana riƙe laima. Wani manomi ɗan Ostiriya, Sepp Holzer, shi ya ƙara fito da salon, yanzu kuma bidiyoyinsa sun cika wayoyin mutane. A Lesotho ana yin wani zagayayyen lambu da duwatsu, a bar kwandon shara a tsakiya ana zuba ɓawon kayan miya da ruwan wanke-wanke, abincin yana tsiyaya cikin ƙasar. Dabarar duk ɗaya ce, kuma tana aiki. Sai dai wanda ya ɗauko ta daga ƙasar dusar ƙanƙara ya sauke a Funtuwa ba tare da gyara ba, ya manta da gara.

Gara ba abokiyar gaba ba ce kai tsaye. Marigayi Yacouba Sawadogo na yankin Yatenga a Burkina Faso, wanda ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, da gara ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Yakan haƙa ramuka tun da rani ya zuba taki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasar da hanyoyinta, in ruwa ya sauka ya bi hanyoyin ya shige. Manoman Illela a jihar Tahoua sun je sun gani a ƙarshen shekarun 1980, suka dawo da dabarar gida, ita ce tassar da ake yi a can har yau. Amma wannan a gona ne, nesa da ɗaki. A cikin gida, gungumen itacen da aka binne ana ba shi ruwa kullum gayyata ce, kuma gara in ta gama da gungume ba ta san iyakar lambu da ƙofar ɗaki ba. A gidan ƙasa mai rufin azara, ni ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada ba. Ko a gidan siminti, a nisanta akwatin da bango kamar taku ɗaya, a kuma bar manyan itatuwa wa murhu.

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne mai saurin ruɓewa. A shimfiɗa kwali a ƙasa, wanda aka ɓare masa salatif, ya danne ciyawa. A kansa a zuba karan masara ko na dawa da aka sassara guntu-guntu, da totuwar masara, da ɓawon gyaɗa, da busasshen ganyen mangwaro da na darbejiya da ake sharewa a cinna wa wuta. Wanda ke kusa da injinan casar shinkafa, irin na Kura ko na Argungu, ga buntu nan tsibi-tsibi. Ɓawon rake, ciyawar da aka nome kafin ta yi 'ya'ya, kainuwa daga ruwa mai tsabta, duk suna shiga. Kowane taƙi guda na wannan tarkace a bi shi da ɗan kashin dabbobi da shebur biyu na ƙasa, a jiƙa, a tattake. Kashin dabbobin yana da dalili: ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da busasshen abu suna buƙatar sinadarin naitirojin, in ba su samu a wurin ba sai su jawo na ƙasar da ke sama, ganyen shuka ya koma ɗorawa. Garin katako daga wurin kafintoci ya fi komai yin wannan ɓarna, gwamma a kai shi ƙarƙashin kaji tukuna ya sha kashinsu.

Abu biyu a kiyaye. Kada a zuba tsakuwa a ƙasan akwati da sunan ruwa ya wuce. Tsakuwar tana rage wa saiwa wuri ne kawai, ruwan kuma yana tsayawa a saman iyakarta. In a kan daɓe aka yi ginin, a bar 'yan kafofi tsakanin bulon sahun farko. Na biyu, tarkacen zai lotsa. Bayan 'yan watanni za a ga ƙasar ta sauka da yatsu huɗu ko fiye. Ba sata aka yi ba, ruɓewa ce, sai a ƙara daga sama.

Taƙin sama

A Amurka wani injiniya mai ritaya, Mel Bartholomew, ya fitar da littafin noman akwati a 1981, daga baya ya shahara da wani haɗi mai kashi uku daidai: takin gargajiya, da wata ruɓaɓɓiyar gansakuka da ake haƙowa daga dausayin ƙasashen sanyi, da wani dutse mai sheƙi da ake gasawa ya kumbura. Biyun ƙarshen nan ba a samun su a kasuwanninmu sai da kuɗin shigo da kaya. Ba a kuma buƙatar su. Aikinsu riƙe ruwa da barin iska ta shiga, kuma muna da masu yin wannan aiki a bayan gida.

Haɗin da ya dace da mu kusan haka yake: rabi ƙasar sama ta gona, kashi ɗaya cikin uku ruɓaɓɓen taki, ragowar kuma abin da zai gyara halin ƙasar. In mai danƙo ce, buntun shinkafa ko yashi mai gautsi. In turɓaya ce da ruwa ke wucewa zar, ɗan yumɓu, ko ƙasar tsohon suri da aka daka aka tankaɗe. Ba dole ba ne sai an bi wannan kaso daidai, ƙasar da ke hannu ce ke faɗin abin da take so.

Sanin halin nata ba sai an je ɗakin gwaji ba. A jiƙa dunƙule a murza a tafin hannu. In ta ƙi haɗuwa, yashi ya yi yawa. In ta miƙe ta yi igiya har aka lanƙwasa ta ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa. Wadda ake nema ita ce mai dunƙulewa, amma in aka taɓa ta da ɗan yatsa ta warware. Mai son ganin abin da idonsa ya samo kwalba mai faɗin baki, ya cika sulusinta da ƙasar, ya ƙara ruwa, ya girgiza sosai ya ajiye. Cikin minti ɗaya yashi zai kwanta a ƙasa. Bayan awa biyu garin ƙasa mai laushi zai sauka a kansa, a ga layinsa daban. Yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu ruwan yana gurɓace kafin ya zauna, ɗan abin da ke yawo a sama kuma shi ne ruɓaɓɓen ganye. A yi wannan da samfurin da mai tifa ya kawo kafin a biya shi, ba bayan ya juye lodi a ƙofar gida ba.

Ina ake samun ƙasar kirki? Tsofaffin manoma sun san wuraren. Gindin gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya tsiro da rani, dabbobi kuma su yini a inuwarsa suna cin 'ya'yansa. Kufai, inda mutane suka zauna shekaru suna zubar da toka da shara kafin su tashi. Tsohon turke, da wurin da garken Fulani ya yi sansani. Baro biyar ko shida daga irin waɗannan wurare, da izinin mai wurin, sun ishi akwati ɗaya. Na ce baro, ban ce tifa ba, don kankare fuskar gonar wani a loda a mota a kai birni shi ma ɓarna ce da ba a cika magana a kanta ba. Santimita ɗaya na ƙasar sama yana ɗaukar shekaru masu yawan gaske kafin ya samu.

Taki, da haƙurin da yake bukata

Kashin awaki da tumaki shi ne mafi sauƙin sha'ani, busasshe ne, ba shi da zafi sosai, kuma kusan kowace unguwa akwai mai neman wanda zai kwashe masa. Na shanu ya fi sanyi, ya fi gyara jikin ƙasa, amma yana zuwa da irin ciyawa. Na kaji ya fi duka ƙarfi, shi ya sa ya fi duka ƙone shuka in aka zuba shi ɗanye. Farashi kuma yana bin lokaci. Da zarar hadari ya fara haɗuwa manoma suka fara kai taki gona, buhu ya tashi. A kwashe shi tun da sanyi, ko bayan Babbar Sallah lokacin da wuraren sayar da raguna suka watse suka bar tsibinsu. A kara da mayanka ma akwai abin cikin tumbi da ake zubarwa, ciyawa ce da aka riga aka niƙa, tana ruɓewa da sauri.

Ɗanyen taki ba ƙone shuka kaɗai yake yi ba, yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsar ciki. Ƙa'idar noman da ba a sa sinadari a Amurka ta ce in an zuba ɗanyen kashin dabba, sai an yi kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kamar latas da karas, kwana 90 kuma ga wanda ba ya taɓawa. Latas ɗin da za a yanka a yi kwaɗo ba tare da ya ga wuta ba, ya cancanci wannan jira. Kashin kare da na kyanwa da na masai kada su kusanci akwatin kayan miya ko kaɗan.

Hanyar gajarta jiran ita ce a dafa takin a tsibi. A inuwa, a jera busasshen ganye ko kara kashi biyu, kashin dabba da ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya kashi ɗaya, sahu bisa sahu, har tsibin ya kai ƙugu. A jiƙa shi ya zama kamar tsumman da aka matse, ba ya ɗiga ba ya bushe, a rufe da tsohon buhu. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu a zaro sandar a taɓa: in ta yi zafin da hannu ba ya jurewa, aiki ya kankama, cikin tsibin yana kaiwa maki 55 zuwa 65, zafin da ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. In sanyi ƙalau, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabba ya gaza. In wari ya tashi, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen abu a juya. Ana juya shi duk bayan mako biyu, na gefe ya koma ciki. A zafinmu, wata biyu zuwa uku ya nuna: ya yi duhu, ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasar ruwan farko, ba a gane ganye daga kashi. Da hunturu matsalar ɗaya ce, iska tana busar da shi cikin kwana biyu, sai ana leƙawa.

Toka tana da amfani, akwai sinadarin da ke taimakon fure da 'ya'ya a cikinta, amma kaɗan. Tafi biyu ko uku sun ishi akwati. In ta yi yawa ƙasar ta koma mai kanwa-kanwa, shuka ta kasa shan abincin da ke gabanta. Tokar itace ake nufi, ba ta bola ba. Garin gawayin da ke taruwa a ƙasan buhu wurin masu sayarwa shi ma abin nema ne. A dajin Amazon na Barazil akwai baƙar ƙasar da mutanen zamanin dā suka gina da gawayi da sharar gida, har yau tana da albarka bayan ɗaruruwan shekaru. Gawayi ba ya ruɓewa da wuri, ƙananan kafofinsa suna riƙe ruwa da abinci. Sai dai a cuɗa shi cikin tsibin taki ya yi makonni tukuna, in ba haka ba zai fara da tsotse abincin ƙasar.

Sharar jiya da ta yau

Kano ba baƙuwar mai da shara taki ba ce. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano a shekarun 1960, ya nuna yadda jakuna ke shigowa da itace su koma da mangalar taki, da haka ake noma gonakin karkarar shekara bayan shekara ba hutu. Waccan sharar toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi da ganyen ɗaurin kaya. Ta yau akwai leda, da mataccen batirin tocila, da fasasshen ƙwan fitila, da allurar kemis, da ragowar waya. Wanda ya tankaɗe bola ya cire abin da ido ke gani, bai cire abin da ya narke a ciki ba.

Wannan ne wurin da araha ke iya zama masifa. Dalma ba ta da wari, ba ta canza launin ganye, ba ta ruɓewa. A 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, kuma maganin da aka yi wa gidajen shi ne kankare ƙasar tsakar gida a fitar da ita a kawo sabuwa. Wannan ya isa ya nuna cewa ƙasa na iya ɗaukar guba ta riƙe. Don haka a guji ƙasar kusa da inda ake sarrafa ma'adinai, da garejin makanikai, da wurin masu fasa batirin mota, da inda ake ƙona wayoyi don cire tagulla. A guji ta bakin manyan tituna, inda hayaƙin man fetur mai dalma ya yi shekaru yana sauka kafin a daina sayar da shi. A Kano, taɓon magudanun da ke ɗauko ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai yana iya zuwa da kuromiyom, haka na rafin Jakara da ke kwashe dattin birni. Baƙi ne wuluk, yana kama da taki, kuma kyauta ne. A bar shi a inda yake. Haɗarin ma ba a ganyen kaɗai yake ba, yaro mai rarrafe da zai damƙi ƙasar ya kai baki ya fi kowa shiga ciki.

Akwai ɗan gwaji na gida da ke kama wasu matsalolin. A cika gwangwani biyu, ɗaya da haɗin da aka yi, ɗaya da ƙasar da aka amince da ita, a shuka wake a kowanne. In bayan mako biyu zuwa uku na cikin haɗin ya ƙi fitowa, ko ganyensa ya murɗe, to ko takin bai nuna ba, ko gishiri ya yi yawa, ko akwai ragowar maganin ciyawa. Amma wake ba ya tona asirin dalma. Wannan sai ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru ko sashen nazarin ƙasa na jami'a. Makarantar da za ta yi lambun ɗalibai, ko ƙungiyar matan da za ta cika akwatuna da yawa daga wuri ɗaya, ya kamata su kai samfur. Mai akwati ɗaya kuwa, sanin inda ƙasarsa ta fito ya fi masa sauƙi.

Ƙasar fadama da ta tsohon lambu suna da nasu kayan: aya-aya da kiri-kiri, waɗanda in suka shiga akwati sai an yi da gaske, da wasu tsutsotsi da ido ba ya gani masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu shukar ta tsumbure. Maganinsu na sama da kanmu. A Isra'ila, Jaacov Katan da abokan aikinsa sun bayyana hanyar gasa ƙasa da rana a 1976: a jiƙa ta sosai, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefuna kada iska ta shiga, a bar ta mako huɗu zuwa shida. Ranar Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ta fi ƙarfin wannan aiki. Yana rage tsutsotsin da irin ciyawa sosai, ko da yake aya-aya mai taurin kai ce, wadda ta tsira sai a tono ta da 'ya'yanta. Takin da ya nuna a zuba shi bayan an yaye ledar, don ya dawo wa ƙasar da rai.

Takin zamani fa? Ba haramun ba ne. Kamfa cikin gwangwanin madara ɗaya ya ishi akwatin da muka auna, a cuɗa shi da ƙasar kafin dashe. Yuriya tana da ƙarfi, kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, ɗan barbaɗe nesa da gindi ya isa, a bi da ruwa. Abin da ba ya yi shi ne gyara jikin ƙasa. Yashin da aka zuba wa kamfa yana nan yashinsa, ruwan ban-ruwa na uku zai wanke abincin ya fita ta ƙasan bulo.

Bayan an cika, a ba akwatin ruwa ya ƙoshi, a bar shi mako biyu ya zauna kafin a dasa komai. Daga nan kada a sake taka cikinsa. Dalilin da ya sa faɗin bai wuce ƙafa 4 ba kenan, don hannu ya kai tsakiya daga kowane gefe. A lulluɓe fuskar ƙasar da busasshiyar ciyawa ko buntu, ruwan da ake kashewa zai ragu, ƙasar ba za ta yi ɓawo ba. Ruwan wanke shinkafa da na kayan miya yana da kyau, amma na wanki mai omo yana tara gishiri, za a ga fari-fari a gefen bulo. In an girbe, a yanke shukar daga gindi a bar saiwar ta ruɓe a ciki, a ƙara yatsu biyu na taki a sama ba tare da an kife ƙasar ba. Kada tumatir ya bi tumatir, ko tattasai ko gauta, don dangi ɗaya ne kuma cutarsu ɗaya. A raba tsakani da wake ko albasa.

Wanda zai fara daga tushe, lokacin tara kara da ganye da ɓawon gyaɗa shi ne kaka. Tsibin taki ya dahu da hunturu, ƙasar ta sha leda a bazara, a cika akwatin kafin ruwan farko. Damina ta farko a ba shi wake da alayyafo da kuɓewa, masu haƙuri da sabuwar ƙasa. Zuwa Oktoba tarkacen ƙasa ya lotsa, an cike giɓin da taki, sai a dasa tumatir da latas da kabeji su kama sanyin Nuwamba.